Wata Tara Babu Alƙali

Shekarar da kogi ya ja baya har yara suka riƙa tsallaka shi da ƙafa, ina da shekara ashirin da uku, ina zaune a unguwar Wadata a Yamai wajen ƙanwar babana. Gwaggo nake ce mata. Daga Maraɗi aka turo ni wajenta bayan na gama koyon buga takardu da mashin, na kuma samu aiki a biro, wato ofis, na wani mai motocin sufuri. Ita kuwa dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, take sayarwa a bakin kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Gajeriyar mace ce mai babbar murya. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta sake aure ba, kuma ban taɓa ganin wanda take tsoro ba.

Soja ke mulki. Ba a taro sai da izini, kuma in mutum zai ambaci gwamnati a cikin taksi sai ya waiga tukuna. Damina ta ƙi. Mutanen arewa suka fara shigowa Yamai, da farko ɗai-ɗai, daga baya ƙauye guda. Makiyaya ne da dabbobinsu suka ƙare, da manoman da suka cinye har irin shuka. Suka kafa bukkokin tabarma da buhu a bayan gari, can wajen da yanzu Bobiel ta cika da gidaje, a lokacin kuwa gonaki ne da ƙaya. Da safe matasansu su shigo kasuwa neman dako.

A cikinsu akwai wani saurayi dogo, baƙi, bai wuce shekara goma sha tara ba, kullum da shuɗin rawani wanda rana ta cinye launinsa. Iyayensa da kakanninsa kiwo suke yi wa wasu, dabbobin ba nasu ba ne. Da dabbobin suka mutu, masu su suka kama gabansu. Ubansa ya rasu a hanya, ya iso da uwarsa da ƙannensa mata biyu. Yana ɗaukar buhu a kai daga tasha zuwa rumfuna. Da rana ya zo wajen Gwaggo ya sayi dambu, ya ci rabi, ya ƙulle rabi ya kai gida. In babu dako sai ya je ya tsuguna gaban wani maƙerin ƙofofin ƙarfe da ke layinmu, ya kare ido da hannu yana kallon yadda ake haɗa ƙarfe da wuta. Duk mutanen layin, Buzu muke ce masa. Ni ma haka nake ce masa. Wata huɗu ina ganinsa kusan kullum, ban taɓa tambayar sunansa ba.

Wata Talata da hantsi na biya rumfar Gwaggo kafin in wuce biro, sai ga kamiyo biyu, manyan motocin kaya, sun tsaya a bakin kasuwa, polis suka diddiro. Kame ake yi na marasa katin ɗan ƙasa, a kwashe su a mai da su inda suka fito. An saba da shi. Amma ranar ina tsaye kusa, na ga yadda ake zaɓen. Ba kati ake dubawa ba, fuska ake dubawa. Ɗan maƙwabcinmu, wanda na san ba ya yawo da kowace takarda, suka tare shi, ya amsa musu da Zabarmanci yana dariya, suka ce ya wuce. Wani ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai wando da guga ko kallonsa ba su yi ba. Duk mai rawani, duk mai sanda a kafaɗa, duk wanda Hausarsa ta karkace, shi ake turawa cikin kamiyo.

Saurayin yana tafe da buhun albasa a kai. Wani polis ya ce ya ajiye. Ya ce, "Kayan mutane ne, bari in kai in dawo." Polis ɗin ya zabga masa kulki a bayan gwiwa. Buhun ya faɗi ya fashe, albasa ta watsu har cikin kwata. Gwaggo ta taso da ludayi a hannu tana girmama shi da Faransanci tana cewa, "Mushe, na san yaron nan, kullum nan yake, aiki yake yi!"

Ya ce, "Tsohuwa, koma wajen tukunyarki. Irinsu ne suka cika mana gari da sata."

Ni kuwa na rungume jakata na tsaya ina kallo har kamiyon ya tashi, sannan na wuce aiki don kada in makara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba haushin polis ɗin kaɗai nake ji ba.

Da an mai da shi arewa tare da sauran, da wataƙila ya dawo da ƙafa cikin ƴan kwanaki, kamar yadda da yawa suke yi. Amma a komisariya, ofishin polis, ya haɗu da wani Alhaji mai sayar da atamfa, wanda ya je kai ƙarar ɓatan dilar kaya guda. Aka nuna wa Alhajin mutanen da ke zaune a ƙasa a tsakar gida, aka ce ko akwai wanda yake zargi. Ya duba, ya nuna saurayin, ya ce ya sha ganinsa yana wucewa ta gaban shagonsa. Ɗan dako ne, ta ina zai bi in ba ta gaban shaguna ba? Wannan nunin yatsa shi ne duk shaidar. Aka ware shi daga sauran, bayan kwana uku aka kai shi kaso, wato gidan yari, ya jira shari'a.

Mun san wannan ne saboda uwarsa. Washegarin kamen ta iso rumfar Gwaggo da ƙafa, siririyar mace, ƙafafunta duk faso. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ta tsaya tana ɗaga hannu sama da kanta tana nuna tsawonsa, tana zagaya kanta da yatsa tana nuna rawani. Gwaggo ta rufe tukunya, ta ce mini in aika biro a ce ba ni da lafiya. Muka je komisariya mu uku, muka zauna daga safe har azahar. Wanda ke bakin tebur ya ce ba ya nan. Washegari ya ce yana nan amma ba a ganinsa. Rana ta uku ya ce an wuce da shi. Kowace rana da "kala suru" yake sallamar mu, wato sai haƙuri, yana faɗa ko kai bai ɗago ba. Tun daga lokacin ba na son a ce mini sai haƙuri, ko a wajen ta'aziyya ne.

A kaso, wanda ba a kawo masa abinci daga gida, jar dawar taimako ce rabonsa, dafaffiya da ruwa, sau ɗaya a yini. Gwaggo ta fara zuba kwano guda daban. Ranakun aiki uwar ke kaiwa, Asabar da Lahadi ni ke raka ta. Layi ne na mata a jikin katanga, cikin rana, kowace da kwano ɗaure a ƙyalle. Mai gadin ƙofar yana da wani guntun ƙarfe da yake juya kowane kwano da shi, wai neman reza ko wasiƙa. Ƙarfe guda, daga miyar wannan zuwa furar waccan, ko gogewa ba ya yi. In ya ga nama ya tsame ya jefa baki yana kallon idonki. Wata rana uwar ta zare awarwaron azurfa ɗaya da ya rage mata ta miƙa masa, tana roƙon ya bar ta ta ga ɗanta. Ya karɓa ya sa aljihu, ya ce ta dawo ranar ziyara.

Sai bayan sati uku muka gan shi, ta wata taga mai waya. An cire masa rawani, an aske kansa. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Mutumin da tun ranar da aka naɗa masa rawani bai taɓa tsayawa gaban babba fuska a buɗe ba, ga shi tsaye yana rufe baki da tafin hannu. Ya yi wa uwarsa magana da yarensu, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Madan, yaushe za a kira ni? Ina so in gaya wa alƙali ban ga kayan ba."

Na ce, "Kwanan nan." Ƙarya na yi, ban san komai ba.

Gwaggo ba ta iya tsayuwa a layi bakinta a rufe. Ranar da ta je da kanta, ta dawo da labarin rabin matan. Wata ɗanta wata bakwai a ciki, a kan kaza. Wata mijinta ya haura shekara, an yi faɗa a tasha yana wurin. Wata Bafulatana ƙannenta biyu, ba ta ma san me aka ce sun yi ba. Babu ko ɗaya da ya ga alƙali. Ta ajiye mayafi ta dube ni ta ce, "Ke da kika yi lakwal, me amfanin karatun naki? Ɗauko takarda."

Na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Ranar Lahadi na bi layin ina tambaya: wa ke ciki, yaushe aka kama shi, me aka ce ya yi. Yawancinsu ba su san kwanan wata ba, sai dai su ce kafin azumi, ko bayan babbar salla. Wasu suka juya mini baya, suna tsammanin gwamnati ce ta turo ni. A ranar ne na tambayi uwar saurayin sunan ɗanta. Ta faɗa sau biyu, a hankali, don in ji da kyau. Suna ne da ke cikin kowane gidan Musulmi. Sunan yayana ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta, kaina a sunkuye, na kasa haɗa ido da ita.

A bayan gidanmu akwai wani tsoho da ya yi aikin tafinta a gidan shari'a tun zamanin Nasara. Ya ajiye aiki, idonsa ya yi rauni. Na kai masa kayen na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Ɗiyata, doka ba ta ce haka ba. Ko a ƙarƙashin soja, doka ta ce a kai mutum gaban alƙali a ji ta bakinsa. Tana nan a rubuce. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya zo tambaya. Ɗan babban mutum ba ya kwana a can, don kafin a rufe ƙofa mutum goma sun zo nemansa. Waɗannan kuwa wa suke da shi?"

Ya ce abu biyu ake bukata. Takardar koke zuwa ga alƙali mai bincike, da kuma masu sana'a na unguwa da za su tsaya su ce in an saki yaran suna da wurin aiki da wurin kwana, don kada a sake kwashe su da sunan zaman banza.

Tunda taro haramun ne, Gwaggo ta sanar za ta yi wa mijinta sadaka, mijin da ya shekara tara a ƙasa. Aka soya waina, aka dama fura. Bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika: matan layin kaso, da maƙerin ƙofofi, da teloli biyu, babba da ƙarami, da mai gyaran keke, da wani mai lambu daga Tondibia da ke kawo wa Gwaggo zogale. Liman ya yi addu'a ya tashi da sauri, don ya gane abin da ke tafe.

A nan na ga abin da ban zata ba. Ina gama karanta sunayen sai wata mata ta ce a raba takardar biyu. Ɗanta yana ciki, mun sha rana tare da ita a jikin katangar nan. Ta ce, "A fara da ƴaƴan gari. In muka haɗa da Buzaye da Fulani za a ce duk ɓarayi ne, a ƙi duba namu." Wasu suka gyaɗa kai. Babban telan ya gyara zama ya ce shi zai ɗauki yaro ɗaya ko biyu, amma ba ya sa bawa a shagonsa, almakashinsa ma ba zai kwana ba. Uwar saurayin tana zaune kusa da randa. Ba ta jin abin da ake faɗa, amma kalmar bawa ta san ta. Na ga ta jawo mayafi ta rufe fuska.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa telan, "Baba, da girmanka, amma ka ji kunya. Yaron nan wata huɗu yana ɗaukar kayan mutane a kasuwar nan, allura ta taɓa ɓata? Abin da polis ya faɗa ranar da ya doke shi, shi ka maimaita yanzu, da carbi a hannunka." Na juya ga matar na ce, "Ƙarfen da ake juya kwanonki da shi, da shi ake juya nata. Mai gadi bai raba ku ba, ke ce za ki raba?" Na ce ni ce mai bugawa, kuma takarda ɗaya zan buga, ko da kowa ko a fasa.

Telan ya tashi ya kaɗe riga ya fita, mata uku suka bi shi. Sai maƙerin, Bazabarme ne marar yawan magana, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Dogon nan ni na ɗauke shi. Da ma yana zuwa kallo." Mai lambu ya ce zai ɗauki uku, tunda kogi ya gudu rijiyoyi yake haƙa, hannu yake nema. Mai keke ya ce ɗaya, ƙaramin telan ya ce ɗaya. Matar da ta ce a raba ba ta fita ba.

Tsohon tafinta ya faɗa mini Faransancin da za a sa, na buga a biro lokacin hutun rana bayan kowa ya tafi cin abinci. Saura hatimin mai unguwa. Muka je sau biyu aka ce yana barci. A na uku Gwaggo ta zauna a zaurensa ta ce za ta jira ya tashi ko gobe ne. Ya fito ya ce, "Hajiya, so kike a tuɓe ni? Lokacin nan ba na takarda ba ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar rabon dawar taimako ban taɓa jin hatiminka yana barci ba."

Ya buga, ya ce kada mu ce ya karanta.

Kwana huɗu muna zuwa gidan shari'a, mu takwas, muna zama a gindin wata bishiyar dogon yaro. A rana ta huɗu alƙali mai bincike ya sa aka shigo da mu biyu, ni da tsoho. Bai girme ni da yawa ba. Dosiye, takardun ƙararraki, sun taru a teburinsa, a ƙasa, har a kan taga. Ya karanta takardarmu sau biyu, ya ce wasu sunayen bai taɓa ganinsu ba. Ya aika a nemo dosiyen saurayinmu, aka dawo aka ce babu. Ba ɓata ya yi ba, ba a taɓa buɗewa ba ne. Takardar da aka kai shi kaso da ita kawai aka samo, layi uku. A lokacin ya yi wata shida a ciki. Alƙalin ya ce in mai ƙara zai zo ya yi bayani, abin zai yi sauri.

Muka tafi shagon Alhajin atamfa, ni da Gwaggo. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da Gwaggo ta faɗi abin da ya kawo mu sai ya ɗan yi tunani, ya ce, "Au, wannan dilar? Ai an gan ta tuni. Direba ne ya sauke ta a wani gari bisa kuskure, bayan sati biyu aka kawo mini."

Na ce, "Alhaji, sati biyu bayan an kama shi?"

Ya ce, "Wajen haka."

Na ce, "Kuma ba ka koma ka faɗa ba?"

Ya ce, "Wallahi harkoki ne suka yi yawa. Na ɗauka sun sake shi." Sannan ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Kuma ɗiyata, a wannan yunwar ai gara masa can. Ko ba komai ana ba shi abinci."

Kofin ruwan yana hannuna. Ban watsa masa ba, kuma ba tarbiyya ce ta hana ni ba, Gwaggo ce ta zare shi daga hannuna ta ajiye. Ta fita ta tsaya a ƙofar shagon, a tsakiyar layin ƴan atamfa, ta buɗe muryar nan tata. Ta faɗi komai da Hausa, ta sake faɗa da Zabarmanci: sunan yaron, watannin da ya yi, dilar da aka gani, da maganar abincin. Mata masu ciniki suka ajiye atamfa suka fito. Ta ce nan za ta riƙa zuwa kullum bayan ta sauke tukunya, har sai ya je. Kwana biyu ta yi. A na uku ya shiga motarsa ya je gidan shari'a, ya sa hannu, ya dawo ya buɗe shago. Ko awa ɗaya ba a tsare shi ba. Ba wanda ya ce masa don me.

Duk da haka sai da aka ƙara wata uku. An ɗauke alƙalin aka kai shi wani gari mai nisa, ba a faɗi dalili ba, ko da yake mun yi zato. Wanda ya gaje shi ya ce sai ya fara daga farko. A cikin watannin nan aka kira ni komisariya. Na yini a zaune, sannan wani mai farin kaya ya tambaye ni wa ya sa mu, kuma ko muna da alaƙa da ɗalibai masu zanga-zanga. Na ce masa a layin kai abinci muka haɗu. Ya ce in yi hankali, ni yarinya ce, ko aure ban yi ba. Washegari maigidan aikina ya kira ni ya ce mashinsa ba na siyasa ba ne, ya sallame ni. Babana ya aiko daga Maraɗi in koma gida. Ban koma ba. Na zauna ina tsinke zogale a rumfar Gwaggo.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne ana saura sati uku ya fito. Aka kai kamiyoyi bukkokin bayan gari da sassafe, aka kwashe mutane za a mai da su garuruwansu, wai damina ta kusa. Uwar tana can da babbar ƙanwar. Ƙaramar ta riga ta rasu tun cikin zafi, ƙyanda ce ta ɗauke ta, kuma uwar ta hana a gaya wa ɗan. Da labari ya iso muka hau taksi, muka tarar da wurin wayam, sai duwatsun murhu da tsummoki. Wani mai gona ya ce ya ga wata mata tana ta nuna wajen gari da hannu tana ihu da yarensu, aka ɗaga ta aka sa a mota. Muka bi ofis-ofis muna tambaya. Ba wanda ya rubuta inda aka kai kowa.

An sake su ne kaɗan-kaɗan, kuma ba duka ba. Mutum biyu daga cikin waɗanda na rubuta a kayena sun mutu a ciki kafin a kira su. Ɗan matar da ta ce a raba takarda yana cikin na farkon fita. Ta zo ta yi godiya, na amsa don Gwaggo tana kallona. Saurayin ya fito wata Alhamis, ba shari'a, ba alƙali, ba wanda ya ce masa an yi kuskure. Mai gadi ya kira sunansa ya ce, "Fita." Maƙerin ya zo masa da sabon rawani. Ya juya ga katanga ya naɗa shi tsaf kafin ya dubi kowa. Sannan ya leƙa bayanmu ya ce, "Ina innata?"

Gwaggo ce ta gaya masa, duka biyun, na uwar da na ƙaramar. Ni na kasa.

Saurayin ya zauna wajen maƙerin, yana kwana a shago, yana tarin da ya biyo shi daga kaso. Na rubuta wa kowane ɗaya daga waɗanda aka saki takarda da hannu, da hatimin mai unguwa, cewa wane yana aiki wajen wane. Wata biyu bayan haka kame ya sake zuwa. Saurayin ya fito da takardarsa, polis ya duba ta, ya yage, ya tura shi cikin kamiyo. Amma kafin azahar maƙerin ya rufe shago, mai keke ya rufe, ƙaramin telan ya rufe, mai lambu ya iso da laka a ƙafa, ga Gwaggo da matan layi. Muka tsaya a ƙofar komisariya, ba ihu ba zagi. Maƙerin ya shiga ya ce, "Yarona na zo ɗauka, aiki na jira." Aka ce mu watse, ba mu watse ba. Da la'asar suka sako shi, tare da wasu huɗu da ba mu taɓa gani ba, don Gwaggo ta rantse duk nata ne.

Da kaka ya tafi arewa neman uwarsa. Wata biyar ya yi yana bin garuruwa. Ya samu ƙanwarsa a wani ƙauye tana aikatau a gidan mutane. Ita ta gaya masa an sauke su ne a bakin wata rijiya, uwar ta bar ta wajen wasu mata, ta kama hanyar Yamai da ƙafa. Ba a sake ganinta ba. Ya dawo da ƙanwar, Gwaggo ta riƙe ta har ta aurar da ita.

Mun ci gaba da zuwa ƙofar kaso shekara da shekaru, Gwaggo har ƙafarta ta gaza. Kayen farko ya cika na sayi wani. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, layin matan yana nan a jikin katanga. Yanzu akwai masu zuwa da mota da takardu masu kyau suna wannan aikin, na kuma gode musu. Amma in na zauna wajen biki na ji ana cewa a wancan zamanin an yi tsari, an ji tsoron doka, ɓarawo bai ga wurin zama ba, sai in nemi takalmina, don na san bakina.

Shi kuwa yana da shagon kansa yanzu, kuma yawancin masu aiki a wajensa daga kaso ya ɗauko su. Da na gina gidana shi ya yi mini ƙofa. Ranar da ya zo awo na kawo masa shayi, na ce ina so in rubuta abin da ya faru, ko akwai abin da yake so a sa. Ya daɗe yana naɗe ma'auninsa. Sannan ya ce, "Madan, ki sa cewa innata ba gudu ta yi ta bar ni ba, ɗaukar ta aka yi." Ya shanye shayin, ya tambaye ni ko ƙofar ciki za ta buɗe ko waje.